Injin Ƙona Dagwalo da Limancin Baba

Shekara huɗu na yi ina ƙona ƙazanta a cikin ruwa, kuma har yau in na faɗi haka sai a dube ni kamar na sha wani abu. To ban sha komai ba. Aiki ne na yi a garin Greensboro na Amurka, a wani tsohon sito da ke hanyar McLeansville, inda gidaje ke fara ba juna tazara gonaki su karɓi hanya. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne ya kama siton ya kafa injin gwaji a ciki. Mu bakwai ne duka-duka ma'aikatan, Hausawa biyu, ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba.

Baba ne ma ya samo min aikin. Na shigo ƙasar a farkon shekarun dubu biyu da digirina na kimiyyar sinadarai, na ɓuge da jera kaya a wani katafaren kanti a Wendover. Shi mutumin Damagaram ne, ya ba hamsin baya, a gida gyaran famfunan rijiyar burtsatse yake yi. Masallacinmu a lokacin wani afatmen ne mai ɗaki biyu da muka kama, muka fitar da kujeru muka shimfiɗa kafet. Limaminmu direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya, saboda haka rabin sallolin shekara Baba ke jan mu. Karatun Warshu yake yi, a hankali, ba ya gaggawa. Wallahi in ya tada kabbara sai ka manta a ƙasar wa kake. Ba shi da gida, ba shi da motar kirki, iyalinsa suna can Nijar. Wannan tsayuwar a gaban sahu ita ce abin da yake da shi a Amurka.

Ranar da zai kai ni wurin aikin, muna cikin motarsa ya ce, "Injiniya," don haka yake kirana in yana son tsokana, "inda zan kai ka akwai wari. Amma in an tambaye ka a masallaci, kamfanin ruwa muke aiki. Ka ji ko?" Na ce na ji, Baba. Ba ƙarya ba ce kuwa, ruwa muke fitarwa.

Abin da ke shiga ne ba ya faɗuwa a gaban abinci. Mota kan kawo mana ganguna iri biyu. Wasu baƙar laka ce daga matatar ruwan bayan gida ta gari, abin da ke kwantawa a ƙasa bayan an tace ruwan. Wasu kuma dagwalon rini ne daga masaƙa. Maƙogwaron famfonmu ƙarami ne, don haka sai an dama lakar an tace ta a rariyar ƙarfe, an cire gashi da zare da tsakuwa. Wannan aikin Baba ne, da safar roba har gwiwar hannu. Ni nawa zama ne gaban agogunan injin, ina rubuta zafi da matsi, ina ɗibar samfur.

Shi injin wani dogon bututu ne mai kauri da aka naɗe. A tura lakar ciki, a matse ta da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau ɗari biyu, a dafa ta har zafi ya wuce digiri ɗari uku da saba'in da huɗu. In an kai nan ruwa ya daina zama ruwa, bai kuma zama tururi ba, halinsa ma canzawa yake. Ruwan da muka sani gishiri yake narkarwa ya ƙi mai, wannan kuwa mai yake sha ya tofar da gishiri. Sai a hura masa iskar oksijin, ƙazantar ta cinye a ciki ba hayaƙi. A ɗaya bakin sai ga ruwa garau yana ɗiga, da ɗan jan yashi a ƙasan kwalba.

Ranar farko da na gani na kusa yin rawa. Baba ya ɗaga kwalbar saitin taga ya ce, "Allah mai iko." Kullum sai ya faɗa, ko sau nawa ya gani.

Amma injin nan ɗan banza ne. Gishirin da ruwan ke tofarwa shi ke manne wa bututu ya toshe shi, sai a kashe, a jira ya huce, a kwance. Baba kan ɗora bakin sukudireba a jikin famfo ya kanga kunnensa a ƙotar, ya ce, "Saura rabin awa ya shaƙe." Agoguna na ce min lafiya lau, ni kuma in ce, "Baba, wannan fa ba famfon ƙauyenku ba ne." Rabin awa na cika allurar agogo ta fara hawa. Shugabar aikin, wata Baturiya mai gajeren gashi, har ta koma shi take fara tambaya kafin ni. Baba ya dube ni ya ce, "To mushe," wato malam a Faransancinsu na Nijar, "ina digirin?"

Ina kewar waɗannan kwanakin, ba zan ɓoye ba. Da azahar mukan zauna a ƙofar baya, Baba ya dafa shayi a ƙaramin risho, gaba gare mu dajin da ganyensa ke ja in kaka ta yi. Ya ba ni labarin rijiyoyin da ya tayar, ni in zage shi da cewa Damagarawa ba su iya tuwo ba. In an tashi kuwa sai in yi ta jiran sa a mota, domin sai ya yi wanka da sabulu sau biyu, ya yanke farce in ya ga alama, ya ƙulle takalmin aiki a leda daban, ya sa farar riga da turare. Ban taɓa sanin mutum mai tsabtarsa ba.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa a shekarun nan ba ya riƙe komai. Wani Alhaji mai kantin kayan abincin gida aka yi wa haihuwa, aka yi suna a gidansa na Pleasant Garden, gida mai fili kamar makaranta. Liman na hanya, don haka Baba ne ya raɗa suna, shi ya yanka ragon, shi kuma ya zauna a tsakiyar tabarma yana raba gasasshen nama da hannunsa. Ana ci ana raha sai wani ya ce min, "Kai injiniya, wai wannan kamfanin ruwan naku, fiya wata kuke ƙullawa?" Aka kwashe da dariya.

Nan fa girman kai ya taso min. Ni da na yi shekara biyu ana min kallon mai jera gwangwani! Na ajiye ƙashin hannuna na fara lacca. Na faɗi zafi, na faɗi matsi, na ce injin irin namu ba su da yawa a duniya. Aka ce to me kuke sawa a ciki? Na faɗa, da sunansa na faɗa. Don in ƙara wa Baba daraja kuma na ce, "Ai in ba Baba, injin nan ba zai yi awa ɗaya ba. Shi ke dama lakar ya tace ta da hannunsa."

Na ga wani ya mayar da tsokar da ya ɗauka. Alhaji ya dubi tiren, ya dubi hannun Baba, sannan ya ƙwala wa mata kira a kawo cokula. Baba ya gama yanka abin da ke gabansa, ya goge wuƙar, ya tashi ya wanke hannu. A mota har muka iso gari bai kunna rediyo ba.

Kwana uku bayan nan, da magariba, aka yi iƙama Baba ya taka zai shiga gaba. Alhaji ya dafa kafaɗar wani mutum ya tura shi gaba, yana murmushi ya ce, "A bar Baba ya huta yau, ya sha aiki." Ba wanda ya ce a'a. Ni ma ina tsaye a sahun farko ban ce ba, kuma wannan shirun ya fi surutun ranar suna ci min rai. Baba ya ja da baya ya shiga sahu.

Sai na ce bari in gyara. Da liman ya dawo, na cika kwalba da ruwan da injin ya fitar a ranar da ya fi yin aiki mai kyau, na kai masallaci ranar Lahadi da la'asar. Tunanina shi ne mu mutane ne da muka taso da sanin ana gane ruwa mai tsarki da launi da wari da ɗanɗano, to ga ruwa, a gwada. Na miƙa wa liman a gaban jama'a na ce, "Malam, ga abin da hannun Baba ke fitarwa." Ya ɗaga ya duba, garau. Ya shinshina, ba wari. Ya kai baki zai ɗanɗana, sai na yi wuf na riƙe hannunsa na ce, "Kar ka sha, Malam!" Domin ni na san akwai sauran tsami a ciki da ɗan ƙarfen da ruwan ke ci daga jikin bututu, ba a gama da shi ba.

Wani daga baya ya ce, "To kun ji! Wanda ya kawo ma ya ce kar a sha." Garin gyaran gira na tsone ido.

Liman, Allah ya saka masa, ya ajiye kwalbar ya ce a bar zancen ruwa. Ya ce mutumin da ya wanke jikinsa ya sake tufafi mai tsarki ne, ko mahauci ne, ko mai jinya, ko uwa mai wanke ɗanta, kuma salla a bayan Baba ba ta da aibi ko kaɗan. Kowa ya ce haka ne, Malam. Sai dai fatawa daban, ƙyanƙyami daban. Mutane suka ci gaba da gaisawa da Baba da girmamawa, amma na ga masu ba shi yatsu maimakon tafi.

A filin ajiye motoci Baba ya tsare ni. Shi ne karo ɗaya tak da ya ɗaga min murya. "Wa ya aike ka? Ka tona ni a gaban nama bai ishe ka ba, sai ka kai ni shari'a a cikin kwalba?" Daga ranar, duk lokacin da liman ba ya gari, Baba sai an tada salla yake shigowa. Ina ganin motarsa a waje, yana zaune a ciki yana jiran ya ji kabbara.

A wurin aiki bai canza min ba. Shayi yana nan, tsokana tana nan, sai dai na daina iya ramawa. Muka ƙara shekara biyu a haka. Injin bai taɓa haɗa sati yana aiki ba tare da ya toshe ba, ruwan zafin nan ya ci gaba da cin bututu, masu zuba kuɗi suka gaji. Aka ce a kwance a sayar da ƙarafan.

Muna kwance bututun ƙarshe, ni da shi, cikinsa duk farin gishiri ya daskare, na ce, "Baba, ka yafe min." Bai ɗago daga sifanar ba ya ce, "Na yafe tun a mota ran suna. Ni ma ba so nake in mutu da sirrin nan a ciki ba. Jira nake injin ya yi nasara, a fara sayen sa, sannan in faɗa musu da bakina, in ce ga abin da na yi a ƙasar nan. Kai ka riga ni, shi kuma ga shi bai yi ba." Ya miƙo min hannu in ba shi guduma.

Bayan 'yan watanni ya haɗa kayansa zai koma Damagaram. Ranar da zai yi sallarsa ta ƙarshe da mu ɗakin ya cika, har da waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Aka yi iƙama, liman ya matsa gefe ya ce, "Baba, bismilla, ka ja mu ta ban kwana." Mutane suka ce ƙwarai, ƙwarai. Alhaji da kansa ya taso ya kama hannun Baba da hannu biyu. Ni kuwa ina ta roƙon Allah ya sa ya taka, in ƙara jin karatun nan ko sau ɗaya.

Baba ya yi murmushi ya ce, "A yi min afuwa, Malam, gwiwata ke ciwo, ba na iya doguwar tsayuwa." Aka yi ta yi masa sannu, wani ya kawo masa kujera. Ya zauna a ƙarshen sahu ya yi sallarsa a zaune. Jiya-jiyan nan ni da shi muka sauko da firijinsa daga bene hawa biyu, shi ne ma a ƙasa yana tallafe da nauyin. Duk ɗakin ni kaɗai na san lafiyar gwiwarsa ƙalau.