Gishirin Malam Zubairu

Malam Zubairu kuku ya haura shekara talatin a kicin ɗin gidan Alhaji Badaruddeen da ke Nassarawa GRA. Ni kuma, Garba direba, shekarata goma sha tara ina jan motar gidan. Saboda haka in na ce na san shi ba cika baki na yi ba. Na san tarinsa, na san takunsa, na kuma san ranar da ko sannu bai kamata a yi masa ba.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi, ya fara da wanke-wanke a gidan wani Balarabe Kwara a Bompai, a can ya saci girki da ido har ya fi wanda yake wanke wa tukunyar. Da Alhaji ya auri Hajiya Zainab suka tare a gidan nan, shi aka fara ɗauka, tun bishiyoyin mangwaron farfajiya ba su kai kafaɗa ba. Iyalinsa suna Kawaji, yana zuwa musu ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ya dawo Asabar da safe. Sauran kwanakin yana ɗakunan ma'aikata da ke can baya, ƙofarsa na kallon tawa.

Mutum ne mai doka. Ba a shiga masa kicin, ko Hajiya daga bakin ƙofa take magana. Tawul a kafaɗa, makullin sito a igiyar wuya. Gishiri kuwa bai taɓa awonsa da cokali ba, yatsu uku yake sa wa ya ɗiba, ya barbaɗa, ya ɗiga miyar a bayan hannu ya lasa. Cokali, in ji shi, na 'yan koyo ne. Kuma a yi gaskiya, miyar taushensa ta sa manyan mutane sun sha mantawa da maganar da ta kawo su wurin Alhaji.

Abu ɗaya ne yake raba shi da murhu banda salla, shi ne wani shiri mai dogon zango da ake kira Inuwar Darbejiya. Duk Litinin bayan la'asar ake maimaita shi, sai ya ja kujerar roba gaban ƙaramar talabijin ɗin da ke kan firij, ni kuma in tsaya a taga, don dokar kicin ba ta san abota ba. A cikin shirin akwai wani tsohon kuku, Baba Aƙilu, mai tawul a kafaɗa, mai gaskiya kamar ta yi masa yawa. Shekara tara Malam Zubairu yana bin sa. Masu gadin layinmu har Baba Aƙilu suke kiran sa, shi kuma ya haɗe rai, alhali daɗi ne fal cikinsa.

Sai ga shi wata Litinin marubutan shirin sun sa Baba Aƙilu ya zuba gishiri sau biyu a miyar baƙi, baƙin suna yamutsa fuska, 'yan gidan suna dariya a ɓoye. Malam Zubairu ya miƙe tsaye har kujera ta kife.

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya suke masa! Shekara tara mutumin nan bai taɓa ɓata tukunya ba, sai yau da wasu yara da ko muciya ba su taɓa riƙewa ba suka rasa abin rubutawa?"

Ya sa na nemo masa lambar da gidan talabijin ɗin ke rubutawa a ƙasan allo, ya tura musu saƙon murya na minti shida. Ya fara da sallama, ya ƙare da cewa Allah zai tambaye su. Ba shi kaɗai ba ne, don na nuna masa a wayata yadda jama'a ke ta zagin marubutan, wasu na cewa an wulaƙanta dattijo, wasu na cewa sun daina kallo. Na ɗauka hakan zai sanyaya masa rai. Ashe shi nasa lissafin daban ne.

Washegari a hanyar kasuwar Yankaba ya ce da ni, "Garba, ruwa fa ba ya tsami banza."

"Wane ruwan kuma, Malam?"

Sai ya fara jerowa. Tun bayan azumin bara Hajiya ta kwashe gishirin kicin, ta ce likita ya hana Alhaji saboda hawan jini, a riƙa girki lami kowa ya sa nasa a tebur. To amma da idonsa, ta tsagar ƙofa, ya ga Alhajin yana kaɗa gishiri a tuwo kamar mai shuka gero. Sannan ni, da a da nake ajiye shi a bakin kasuwa in kwanta a mota, yanzu na koma bin sa rumfa-rumfa da takarda a hannu. Yanzu kuma ga kuku a talabijin yana ɓata miya.

"Biri ya yi kama da mutum," ya ce. "Hannunka mai sanda ake yi min. Kunyar korata ake ji, shi ne aka kai labarina wurin masu fim, don in gani in tattara da kaina. Abin da ya rage in sani, wa ke kai musu."

Ya juyo ya zuba min ido har sai da na kusa hawa bayan wani mai adaidaita. Na yi masa bayani cewa irin wannan shiri tun watanni ake ɗaukar sa a ajiye, ba a satin ake yi ba. Ya ce eh, haka duk wanda ake biya zai faɗa. Raina ya ɓaci sosai, amma na haɗiye, domin gaskiya akwai abin da muke ɓoye masa a gidan, sai dai ba wanda yake zato ba ne. Kuma Hajiya ta sa na yi alkawarin ba za a ji daga bakina ba.

Daga ranar na zama ɗan leƙen asiri. Ƙashin bargon da ya saba ajiye min a ƙasan kwano ya daina zuwa, sai romo zalla. In na yi waya a inuwar mangwaro sai in ga labulen kicin ya motsa. Har tarko ya ɗana min: ya kira ni gefe, ya yi ƙasa da murya, ya ce jiya ya ƙona shinkafa tukunya guda ya binne a bayan katanga, kada kowa ya ji. Sati uku yana jiran Baba Aƙilu ya binne shinkafa. Bai binne ba. Maimakon a wanke ni, sai ya ce na gane tarkon ne, wayona ya yi yawa.

A wannan tsakanin abinci ya koma caca. Wata rana lami, wata rana daidai, wata rana kuwa in ka kai loma sai idonka ya kawo ruwa. Mun gane ya sayo nasa gishirin ya ɓoye, tun da ya yanke cewa maganar likita yaudara ce. Ba wanda ya ce uffan. Alhaji yakan ci loma uku ya kora da ruwa, ya ce a gaya wa Malam Zubairu an gode.

Sai marubutan nan, Allah ya shirye su, suka sake tafka wata. Suka sa Baba Aƙilu ya bar gas a kunne ya tafi masallaci, har sai da matar gidan ta shigo ta kashe. A wannan karon Malam Zubairu bai yi ihu ba. Sai ya cire tawul ya goge fuska, ya daɗe bai mayar da shi kafaɗa ba. Daga baya na gane dalili. Shi ma ya taɓa dawowa daga sallar azahar da gudu don ya tuna bai kashe murhu ba, ya tarar a kashe, ya ɗauka shi ya kashe ya manta. Yanzu ya fara zargin akwai mai shigar masa kicin.

Ran Laraba kafin ya fita azahar ya ɗebi fulawa ya tankaɗe ta siririya a kan tayil ɗin bakin ƙofa, yadda ido ba zai lura ba. Da muka dawo ya riƙo hannun rigata ya nuna min ƙasa. Sawun silifa ne ƙarami, ya shiga ya nufi murhu, ya juyo ya fita. Ya kalli ƙafata mai lamba arba'in da biyar, ya kalli sawun.

"Hajiya ce," ya ce. "Da kanta."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Tausayinsa ne ya kama ni da na ga yana share fulawar.

Litinin ta gaba aka gama da Baba Aƙilu. 'Yan gidan suka yi shawara a falo, aka kira shi, aka yi masa godiya, aka sa jakarsa a bayan mota aka nufi ƙauye da shi, ana ta kiɗa mai ban tausayi. Malam Zubairu ya kashe talabijin tun ba a gama rubutun ƙarshe ba. Ya wuce ɗakinsa, na ji yana jan akwati. Kafin biyar da rabi ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, ya ce in biyo shi in zama shaida.

Hajiya tana baranda da carbi a hannu. Ya durƙusa, ya cire makullin sito daga wuya ya ajiye a gabanta, ya ninke tawul ya ɗora a kai.

"Ranki ya daɗe, saƙo ya iso. Gara in fita da ƙafata da a sa ni a mota. Abin da ya yi min ciwo ɗaya ne, da kin kira ni kin faɗa min, ba sai an kai ni talabijin duk Kano ta kalla ba."

"Wace talabijin kuma, Malam Zubairu?"

Ya zayyana mata komai, gishiri, likita, takardar kasuwa, sawun fulawa. Hajiya ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta ajiye carbin.

"Wallahi ban san mai rubuta fim ko ɗaya ba, kuma ni ko kallon shirin nan ba na yi. Amma sauran duk gaskiya ka faɗa. Ba likitan da ya hana Alhaji gishiri. Ni na kwashe shi, don kana sawa ka manta ka sake sawa. Ni na ce Garba ya riƙa bin ka kasuwa, tun ranar da ka dawo da attaruhu sau biyu babu nama. Ni nake shiga in duba murhu duk azahar. Yara sun ce a kawo wani, Alhaji ya ce wanda ya dama musu koko suna tsumman goyo ba zai bar gidan nan ba sai in shi ya ce ya gaji. Mu ba dabarar korarka muke ba. Dabarar ka zauna muke."

Malam Zubairu ya daɗe yana kallon makullin.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan azumin bara."

"Kuma kuka yi ta ci?"

"Muka yi ta ci mana. Shekara talatin muna cin mai daɗi, don ta shekara ɗaya sai mu yi ƙorafi?"

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ko a ranar ma bai bari ya sauko ba. Ya miƙe ya tafi kicin, muka ji ƙarar jan firij. Ya dawo da wani tsohon gwangwanin madara cike da gishiri, ya ajiye kusa da ƙafar Hajiya. Sannan ya ɗauki tawul ɗinsa ya saɓa, ya mayar da makulli wuya. Da muka zo bakin kicin ya tsaya, bai kalle ni ba ya ce, "Shigo mana, ka tsaya a taga kamar baƙo. In ka ga na yi wani abin ka faɗa min da bakinka."

Yau wata biyar kenan. Girki lami yake yi, kowa ya sa nasa a tebur, ƙashin bargona kuma ya dawo ƙasan kwano. Wani lokacin nakan ga yatsunsa uku sun haɗu sun nufi inda gishiri yake a da, sai ya tsaya, ya goge su a tawul. Mantuwar ba ta ragu ba, ba zan yi ƙarya ba, shekaranjiya ma sau biyu ya tambaye ni ko yau Juma'a ce. Amma bai manta da marubutan Inuwar Darbejiya ba. Har yanzu yana kallo duk Litinin, yana tsaki, ko za a dawo da mutuminsa. Satin da ya wuce ya karɓi wayata ya ce in danna masa, zai sake tura musu saƙo. Na gyara tsayuwa ina jiran minti shida na faɗa. Sai ya kai wayar bakinsa, ya yi sallama, ya ce:

"Ni Zubairu kuku ne daga Nassarawa. Ku yara ne, ba ku san yadda ake yi ba. Ku je ku dawo da Baba Aƙilu gidansa. In tsoho ya fara mantuwa ba shi ake sawa a mota ba, gishirin ake ɗaukewa."