Kwalbar Bakin Kabari

A ƙauyenmu da ke yammacin gundumar Mayo ba a ɗaukar ɗan ƙwadago ya haƙa kabari. Maƙwabta ne ke yi, mutum biyar ko shida, dangin mamaci kuma su kawo musu kwalbar giyar wuski. Wanda ke cikin rami ake fara miƙa wa. In ka ƙi karɓa, kamar ka ce mamacin bai isa ba ne.

Fintan Geraghty shi ne gwanin haƙarmu. Shekara talatin muna aikin tare, ban taɓa ganin ya bar kusurwa a karkace ba. Sai dai mu in mun kurɓa a bakin kabari mun gama ke nan, shi kuwa a nan yake farawa. Jana'izar kwana ɗaya sai ta ci masa mako. Kuma ba zan wanke kaina ba, sau da yawa hannuna ne ya miƙa masa kwalbar.

Bara da bazara matarsa Nuala ta haɗa jaka ta koma wurin yayarta a garin Castlebar. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ta gaji da alkawari, in yana son ganinta a gidan ya nemi inda masu barin giya ke haɗuwa suna taimakon juna, ya je, ya kuma ɗore. In ya sake kurɓa ko sau ɗaya, shi ke nan.

'Yarsu ta duba masa a waya. Ashe akwai irin wannan zama duk Talata da ƙarfe shida na yamma, a ɗakin baya na zauren cocinmu.

"A nan?" in ji Fintan. "Kowa ya san shuɗiyar motata. Kafin in kashe inji labari ya kai kanti."

Sai ya zaɓi wani gari mai nisan mil arba'in, inda ba wanda ya san ubansa. Ya je sau uku. Daga nan shanunsa suka fara haihuwa, hanya ta yi masa tsawo, ya daina. Bai sha ba, amma duk wanda ya kalle shi ya san da ƙyar yake riƙe da kansa.

Ana haka tsohuwa Bríd Lavelle ta rasu. Na ce masa ya zauna gida, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

"Matar da ta karɓi haihuwata?" ya ce. "In bar muku, ku haƙa mata kwalbati?"

Da rana ta yi tsaka rami ya kai masa ƙirji. Ɗan marigayiya ya zo da kwalba, ya buɗe, ya sunkuya ya miƙa masa. Fintan ya karɓa, don hannu ya saba. Ya tsaya yana kallonta. Ni ma ban hana shi ba, kamar sauran, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Malachy Durkan ne ya yi magana, wani dattijo mai gyaran shinge wanda bai cika surutu ba.

"Ba ni nan, Fintan. Duba ka ga yadda nake sha."

Ya ɗaga kwalbar, ya juyo da ita yadda kowa zai gani. Babban yatsansa na toshe da bakinta. Ya kafa kai, ya yi kamar ya haɗiya, ya goge baki.

"Shekara goma sha ɗaya haka nake yi muku, ba wanda ya lura. Kun ga irin hankalinku." Ya miƙa wa ɗan marigayiya kwalbar. "Ka yi haƙuri, ɗana, ba raini ba ne. Mu biyu shayi za mu sha wa mahaifiyarka."

Wani ya ce, "To ai kai duk Talata kana zauren coci wurin karta."

"Ka taɓa ganina da karta?" Malachy ya leƙa ramin. "Ƙarfe shida, Fintan. Kujera ce da biskit mara daɗi. Ka gyara kusurwar can, ta karkace."

"Ƙarya kake," in ji Fintan. Ya sunkuya ya ci gaba da haƙa.

Ran Talata ya je. Da farko ya nufi bayan makaranta zai ɓoye motar, sai ya yi kwana ya ajiye ta daidai ƙofar zauren, rana na haska ta. Abin da yake tsoro kuwa ya faru, kafin a tashi labari ya kai kanti. Zancen duniya ba ya ɓuya, daga kanti ya wuce har Castlebar.

A Talata ta bakwai Nuala ta kira ni.

"Ka faɗa mini gaskiya, Ultan. Motar tana can?"

"Ina kallonta ta taga."

Sai ta ajiye wayar.

Ran Lahadin da ta biyo baya ta sauka daga bas ba jaka a hannunta. Ta ce wa Fintan kada ya sa rai, wata rigar sanyi ta manta ta zo ɗauka. Yau wata biyar ke nan tana gidan tana neman rigar.