Hancin Kaka da Jar Giyar Faransa

Ranar da Bafaranshen da ke koya mana aiki ya zare toshiyar kwalbar nan, ƙamshin na bugun hancina sai na ga tsakar gidanmu. Ƙamshi ne na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, da busasshiyar ɗinya, da ɗan kanumfari can ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a ɗakin cin abincin wani otal a Dubai, cikin baƙar kwat, amma hankalina ya koma gindin murhun kakata.

Ba zan yi maka ƙarya ba, jar giyar Faransa mai tsada abin kallo ce. Ja ce mai duhu, in ka karkata kofin sai gefensa ya koma kalar bulo. Takan kwanta a gangar katako, ta shekara da shekaru a kwalba, in an buɗe kuma a juye ta a wata mai faɗin gindi ta sha iska. Bafaranshen ya ce kowace tana ɗauke da halin ƙasar da inabinta ya fito. Ban yi mamaki ba, tun ina yaro nake jin Kaka tana faɗin haka a kan zoɓorodo. Na tudu daban, na fadama daban, kuma da shinshinawa kawai take rarrabe su.

Akwai shekarun da azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, maƙogwaro ya bushe tun hantsi. Kaka ce ke dafa zoɓon buɗa-baki na gidan gaba ɗaya. Takan ɗebo da ludayi, ta tsiyayar da shi a hasken la'asar ta dubi jan, ta kai hanci, sannan ta ce a ƙara citta ko a jefa 'yar kanwa a kashe tsami. Wata rana matar kawuna ta ce, "Inna, ai malam ya ce ba laifi a ɗanɗana a tofar."

Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke ya gaya wa. Ni na san harshena, in na buɗe masa ƙofa ba a zaure zai tsaya ba."

To, a otal ɗin nan an buɗe muƙamin shugaban masu hidimar tebur, kuma da albashinsa ne kaɗai zan iya ɗauko matata daga Kano. Sharaɗin ɗaya ne, sai ka san ɗanɗanon abin da kake tallata wa baƙi. Bafaranshen ba mugu ba ne, shi ma so yake in samu. Ya miƙo min kofi da ɗan bokiti.

"Habibi, shwaiya, ɗan kaɗan kawai. Kurkure ka tofar, ba wanda ya ce ka haɗiye."

Wallahi yawuna ya tsinke, abin da ya tsorata ni ke nan. Na ajiye kofin na ce, "Khalas, shi ke nan, oga. Hanci na ba ka, harshe nawa ne."

Wani aka ba muƙamin. Da na gaya wa matata a waya sai ta ce, "To, Allah Ya kai mu wata shekarar." Maganar ta yi min ciwo, har yau tana yi.

Na san abin da za ka ce. 'Yan kasuwarmu na Murshid Bazaar a nan Dubai sun riga ka, sun ce ɗaukar kwalbar ma haramun ne, kuma ban musa ba, ina neman wani aikin. Abokan aikina kuwa wawa suke kirana. Kowa ya faɗi tasa, ba su ne za su zauna da harshena ba.

Azumin da ya wuce na dafa zoɓo a ɗakina na unguwar International City, na ɗaga shi a hasken taga, na shinshina kamar yadda Kaka ke yi. Ashe taurin kanta kawai na gada, ban gaji hancin ba. Da aka kira magariba na kurɓa, tsami ya kashe min haƙora. Ni kaɗai a ɗakin, na shanye shi tas.