Ɗorawar Gwaggo

Gonar da na gada daga Baba ba ta da girma. A wajenmu gona ƙanƙancewa take yi duk sanda aka yi rasuwa: a raba wa 'ya'ya, su ma a raba wa nasu, har ta kai idan ka yi atishawa a iyakarka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a. Tawa ta zo da wata tsohuwar ɗorawa mai faɗin kai a tsakiyarta. Ƙasar tawa ce, amma itacen na Gwaggo ne, yayar Baba. Haka kakanmu ya bari da bakinsa, kuma a garinmu ba baƙon abu ba ne mai gona daban, mai itace daban.

Gwaggo ta dawo gidanmu da zama tun da mijinta ya rasu. 'Ya ɗaya gare ta, tana aure a Gezawa. Ba ta da gona, ba ta da ko akuya, sai wannan ɗorawa. Da bazara takan sa a kaɗo mata 'ya'yan da ƙugiya, ta ɓare, ta daka ta fitar da garin, ta wanke kalwar ta dafa, ta rufe kwana uku ta zama daddawa. Warin ya cika gida mu yi ta toshe hanci, ita kuma ta ce ta ga masu toshe hancin nan, su ne za su fara miƙo kwano neman ƙarin miya. Daddawar gidanmu ta shekara daga hannunta take fitowa, har ta aika wa maƙwabta. Ɓawon ma ba ta yar da shi, da ruwansa ake daɓen ɗaki. Saboda haka Gwaggo ba ta taɓa cin tuwon gidanmu tana sunkuyar da kai ba.

Ni kuwa malamin lissafi ne a firamare, kuma Allah ya jarabce ni da son auna abu. A daminata ta farko na lura geron da ke ƙarƙashin ɗorawar siriri ne, tsawo kawai yake yi babu zangarniya. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki igiya da tsakar rana na auna inuwar, na ƙirga kunyoyin da ta rufe, na kwatanta da sauran gonar. Amsa ta fito: dami huɗu ɗorawar take cinye mini kowace shekara. Ga ni da 'ya'ya biyar, rumbu kan ga ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Na ji kamar na kama ɓarawo.

Na kai wa Inna, mahaifiyata, maganar. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce idan aka sare itacen ni zan riƙa ba Gwaggo damin huɗu, ba ta yi asarar komai ba ke nan. Inna ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce: "To ai ga ɗakinta can. Je ka faɗa mata."

Ban je ba. Na san amsar da zan samu, kuma ba na son in ji ta.

Da rani 'yar Gwaggo ta haihu, Gwaggo ta tafi Gezawa yi mata wankan jego, sai an yi arba'in za ta dawo. Kwana uku da tafiyarta na kira masu injin sare itace daga Ɗambatta, na ce su kwashe itacen a bakin aikinsu. Abin da ya girmi Baba, kafin la'asar yana kwance. Zuma ta fito daga wani kogo ta bi ɗaya daga cikinsu, har dariya na yi. A garinmu ba a wuce mai aiki ba a ce masa sannu ba, ko da kaza yake figa. Ran nan dattawa uku suka wuce ta gefen gonar, babu wanda ya ko dube ni.

Da Gwaggo ta dawo ba wanda ya iya gaya mata. Washegari da safe ta fita da kanta ta dubo ko ɗorawar ta yi fure. Ina hango ta daga bakin hanya, tana tsaye a kan kututturen ta riƙe ƙugu, ta daɗe. Na shirya hujjojina tsaf, ina jiran ta yi faɗa in fito da lissafi. Ta dawo gida ta amsa gaisuwata, ta tambayi yara, ta shige ɗaki. Har yau da nake rubuta wannan, na fi son a ce zagina ta yi.

Sai da damina ta kama na fara ganin abubuwan da igiyata ba ta auna ba. Masu taya ni noma suka rasa inda za su sha fura, sai a tsakiyar rana. Miyar gidanmu ta koma ta dunƙulen kanti. Daɓen ɗakin Inna ya fashe, aka rasa abin gyara shi. Waɗannan duk da sauƙi. Gwaggo ce ta canza. Ta daina zuwa bakin murhu tana ɗanɗana miya tana kushe matata. Matan maƙwabta suka rage leƙowa ƙofarta, don babu abin da za su karɓa. Idan an kai mata tuwo sai ta ci kaɗan ta ce ta ƙoshi, a ba yara.

Kaka ta zo, wurin ɗorawar ya ba da dami huɗu cif. Lissafina bai yi ƙarya ba, kuma wannan bai rage mini komai ba. Na ɗora su a jaki na kai ƙofar ɗakinta, na yi sallama.

Gwaggo ta fito ta dubi damin. Matar da ta goya ni a bayanta, wadda ta sha murɗe mini kunne, sai ta durƙusa a gabana.

"Allah ya saka da alheri, Malam," in ji ta. "Allah ya ba da ladan sadaka."

Na buɗe baki in ce ba sadaka ba ce, sai na rasa sunan da zan kira shi. Kunya ta rufe ni, na ja jakina na fita.

Shekara bakwai na yi ina kai mata damin nan har Allah ya karɓi ranta, kuma kowace shekara haka take yi mini godiya.