Na hana tsohuwa shiga majami'a saboda kallabi

Wallahi har yau in na tuna matar nan sai tsigar jikina ta tashi! Lokacin ina da shekara goma sha tara, ban daɗe da yin baftisma ba, ni na koya wa kaina karatun Maganar Allah, kuma ji nake duk garinmu Bagudo babu mai tsarki kamar ni. Da anka ba ni tsaron ƙofa a 'yar majami'armu, sai na kafa doka: macen da ba ta rufe kai ba, ba ta shiga. Babu wanda ya sa ni.

Mu ba mu da fasto zaunanne. Sai bayan wata uku yake zuwa ya ba mu Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, wanda ya rasa sai ya jira wani zuwan. Akwai wata tsohuwa da ke ƙetaro iyaka daga ƙasar Benin don wannan jibin kawai, Hausarta rabi yaren Dendi ne. Wata ranar jibi sai ta iso a makare, duk ƙura, kai a buɗe, furfura fara fat. Na tare ƙofa. Ta ce mini ɗana, in yi haƙuri in bar ta ko bencin baya ne. Na ce gidan Allah ba kasuwar Dole Kaina ba ne. Ba ta yi musu ba. Ta koma gindin dogonyaro ta zauna, tana bin waƙar da ake yi a ciki, har da tafi.

Ana raba jibin fasto ya hango ta ta taga. Ya fito da ƙoƙon a hannu, jama'a na kallo, ya durƙusa ya tambaye ta, Inna me ya faru. Ashe ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ta ne ya faɗi a yashi, ƙarfe ya tsage masa ƙwauri, ta ɗaure masa da kallabinta, ta ƙarasa da ƙafa. Sai lokacin na ga jini a bakin zanenta. Fasto ya juyo zai yi mini faɗa, ta hana. Tana dariya ta ce ai ba kallabi ne ya mutu dominta ba, Ubangiji ne, ni ma ba tsaron ƙofa zai kai ni sama ba, dukkanmu kyauta munka samu. Ta ja hannuna ta ce in zauna mu ci jibin tare. Kuka na yi kamar ƙaramin yaro.

Tun ranar na gane alherin Allah ba lada ba ne da nake rabawa a bakin ƙofa. Matasa 'yan'uwana masu zafin kai irina, ku tambayi mutum kafin ku kore shi. Ku fa, wa ya taɓa yi muku alheri ranar da kunka cancanci kunya? Ku rubuto, ina son in ji.