Abin da Habibu Yake Takawa

Shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar Habibu, kuma sai a watan da ya wuce na ga abin da ke cikin fatar nan da ta ɓata masa suna. Tun ranar ban dawo daidai ba. Na saba duk shekara in tuna shi ni kaɗai, in yi masa addu'a in ja bakina, domin a gidansu da ke Birnin Kudu sunansa ba abin ambato ba ne. Bana shirun ya ƙi yiwuwa.

Habibu taubashina ne. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, daga garinmu Maruta aka kai ta aure gidan malamai a Birnin Kudu. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai bawana ne, kuma har ya bar duniya ban taɓa bari ya manta ba. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Malam, yana da makaranta a zaurensa, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan azumi. Muna yara aka karɓi mulkin kai. A shekarun nan duk kaka sai a turo mana Habibu Maruta, wai ya sha nono ya yi ƙiba. Ƙibar dai bai yi ba. Abin da ya kwasa a wurinmu shi ne sarewar mahaifina. Idan shanu sun kwanta da rana tsohon ya ɗauko ta, Habibu zai zauna baki buɗe har ƙuda ya yi masa wasa a leɓe.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya nufi Kano, mu ma muka bi. Na sami aikin malamin gona, shi kuma ya zama akawu a wani kamfanin gine-gine. A can ya haɗu da wasu 'yan kudu masu kiɗa a otal ranar Asabar, ya koyi jita, ya kuma kamu da son kiɗan jaz ɗin nan da aka gauraya da na zamani, wanda jita ke jan baki a ciki kamar mai waƙa. Malam bai so ba, amma bai tsine ba. Ya dai ce masa ya riƙe salla.

Ranar da ya ja ni Sabon Gari sayen feda, na ɗauka ta keke yake nufi. Ashe wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ana sa shi tsakanin jita da lasifika, in an taka maɓallinsa da ƙafa sai muryar jitar ta canja. Mai shagon ya fito da wadda ya ce samari na rububinta. Habibu ya haɗa, ya taka, ya ja tsirkiya ɗaya. Na toshe kunne. Kamar an kulle rina a gwangwani.

“Wannan ta masu tsalle ce,” in ji shi. “Ni ba faɗa na zo yi ba.”

Muka wuni a shagon nan. Ya gwada wata ya ce tana cinye muryar jitar, duk abin da ka kaɗa iri ɗaya yake fita. Ya gwada wata ya ce tana da kaifi, tana soka kunne. Yunwa ta ishe ni, na ce masa bawa ba ya wahalar da ubangidansa haka. Ko kallona bai yi ba. Can mai shagon ya zaro wata koriya daga ƙasan kanta, mai 'yan kawuna uku da ake murɗawa: ɗaya na ƙara kaushi, ɗaya na kaifi, ɗaya na ƙarfin sauti. Habibu ya murɗe na kaushin ya dawo da shi kusan ƙasa, ya rage kaifin, ya taɓa tsirkiya a hankali. Murya ta fito fes. Ya matsa da ƙarfi, sai ta ɗan dushe kaɗan, ta miƙe, ta ƙi mutuwa, tana ta tafiya.

Mai shagon ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi abin ƙara kaushi don ya rage kaushin ba. Habibu ya ce abin da yake nema ke nan: in ya lallaɓa ta yi masa ladabi, in ya matsa ta amsa, amma kada ta yi ihu. Sannan ya juyo wajena.

“Ka ji ta? Sarewar Kawu ce.”

Na ji ta kuwa. Har da ɗan hucin nan da ke biyo bayan busar mahaifina. Daga nan ban sake maganar yunwa ba.

Habibu yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita daga zauren Malam: ba ya zama yin abin da yake girmamawa da takalmi a ƙafa. Ko a otal sai ya tuɓe kafin ya ɗauki jita. To maɓallin fedar nan ƙarfe ne, yana cin tafin ƙafa. Ya sha yi mini ƙorafi. Wani zuwa gida da ya yi, ya kai ta wurin wani tsohon baduku a kasuwar Birnin Kudu, aka ɗinke ta da jar fata saboda ƙura da karcewa, aka bar wa kawunan da ramukan waya hanya. A daidai inda ƙafa ke sauka kuma badukun ya yi wani ɗan kumburi mai kusurwa huɗu, ya zagaye shi da ɗinki mai kyau. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin layu, hannunsa siffa ɗaya ya sani. Da na gani na yi dariya na ce bawana ya yi wa injinsa laya. Shi ma ya yi dariya. Wasa muka ɗauke shi.

Sau ɗaya ya taɓa kiɗa a Birnin Kudu, a wata liyafar ma'aikata da la'asar. Mutanen gari suka tsaya daga bakin shinge suna kallo. Suka ga ɗan Malam ya tuɓe takalmi, ya sa ƙafa ya taka wata jar fata, sai jita ta fara kuka kamar mutum. An yi ta zancen a lokacin, amma zancen mamaki ne kawai.

Bayan wannan da 'yan watanni ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, ya bar mata da jaririya, Bilkisu. Malam da kansa ya yi masa salla. Sai bayan an share makoki aka kawo akwatinsa, aka buɗe a gaban dattawan gida, aka ci karo da fedar a naɗe cikin ƙyalle. Wani ya ce ai ita ce wadda yake takawa. Wani ya shafa kumburin ya ce wannan laya ce. Kuma kowa a ɗakin ya san abin da ake rubutawa a sa cikin laya. Kafin magariba magana ta gama gari: Habibu ayoyi yake takawa da ƙafarsa don kiɗansa ya yi farin jini.

Da labari ya iske ni na zo a guje. Na durƙusa gaban Malam na faɗa masa komai, shagon, maɓallin, ciwon ƙafar. Ya saurare ni har na gama.

“Kana wurin lokacin da aka ɗinka?”

Na ce a'a.

“Ka ga abin da aka sa a ciki da idonka?”

Na ce a'a, amma a kawo reza a farke.

Ya girgiza kai. Sannan ya ce ba a farke layar wani, kuma ya riga ya yi abin da ya dace da ita. Badukun ya riga Habibu rasuwa, babu mai tambaya. Muka ɗauka an binne ta ko an jefa a rafi. Dattawa suka ce taubashi ne, dole ya kare ɗan'uwansa. Daga ranar ban ƙara jin sunan Habibu a bakin Malam ba har shi ma ya koma ga Allah.

Wadda ta ɗauki nauyin wannan magana ita ce Bilkisu. Uwarta ta koma da ita Gwaram, amma magana ta riga su isa. A makaranta 'yar mai taka laya ake ce mata. Ta girma, ta zama malamar asibiti, ta haifi maza har uku, ba ta sa wa ko ɗaya sunan ubanta ba, domin duk lokacin da ta kawo maganar sai a yi mata shiru irin wanda ya fi faɗa ciwo. Duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni, “Baffa, ka tabbata?” In ce na tabbata. Ta gyaɗa kai don ladabi. Ni da ita duk mun san ba ni da abin nunawa.

Nakan yi tunanin abin da Habibu zai ce da ya ga yau. Jikokina suna da waya da ke kwaikwayon kowace irin murya, ba feda, ba wuni a shago. Mawaƙa na rera waƙa inji na gyara musu maƙogwaro, duk su fito da murya ɗaya. Na san zai yamutsa fuska ya ce an cinye muryar. Amma ina jin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yadda kiɗa ya shiga har gidajen da a da ba a ko furta sunansa, ana sa shi a biki ana rawa, alhali shi sunansa na nan inda aka ajiye shi.

A watan jiya ƙanin Habibu, Malam Sanusi, wanda ke riƙe da makarantar yanzu, ya kira ni. Za su rushe tsohon ɗakin Malam su ƙara ajin Islamiyya, ya ce akwai abin da ya kamata in gani. Na biya Gwaram na ɗauko Bilkisu. Muka iske shi da hantsi a tsaye a ɗakin, ya nuna mana wani alkuki can sama dab da azara, sama da inda Malam ke rataye gafakarsa. Ya yi alwala, ya hau kujera, ya sauko da wani ƙunshi cikin farin ƙyalle mai ƙamshin turare.

Fedar ce. Ba a binne ta ba, ba a jefar ba. Ɗinkin yana nan yadda baduku ya bar shi.

Malam Sanusi ya ce tun yana saurayi yake ganin Malam duk Juma'a yana yin alwala ya sauko da ita, ya goge, ya ɗora a cinya, ya daɗe yana roƙa wa Habibu gafara, hawaye na bin gemunsa. Malam yakan ce an wulaƙanta ayoyin a ƙasa, shi zai ɗaukaka su a sama, ko Allah ya sassauta wa yaron. Yawan azumin da muka ga ya ƙara a ƙarshen rayuwarsa, na wannan ne. Ya kuma hana a faɗa wa kowa.

Na zauna a ƙasa. Shekara da shekaru ina jin haushin mutumin nan, ina cewa ya yar da ɗansa. Ashe kowane mako yana rungume da shi.

Bilkisu ce ta buɗe jakarta ta miƙo mini reza. Malam Sanusi ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ta, ya fasa. Na bi ɗinkin da rezar, fatar ta bushe har tana karyewa. Na ɗaga kumburin. Wani abu ya faɗo a tafin hannuna.

Guntun robar silifa ne, shuɗi, an yanka shi daidai girman maɓallin. Har da ramin da igiyar silifar ke shiga. A tsakiyarsa ya lotsa, wurin da babban yatsan Habibu ke sauka. Muka juya fatar ciki da waje, muka kwance ƙasan fedar. Wayoyi ne da batir da ya ruɓe. Ko ƙwayar harafi babu.

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya yi kuka. Mun dai zauna muna kallon guntun silifa. Aikin da bai kai tafasar shayi ba, shi ya gagari gida guda na masu ilimi har tsawon rayuwar mutum. Ba don mugunta ba. Malam ya ji tsoron abin da zai gani, ya zaɓi ya ɗauki zunubin a kafaɗarsa da ya buɗe ya tabbatar. Na kasa yanke hukunci ko wannan ƙauna ce ko zalunci, kuma ina jin duka biyun ne.

Me ya rage na Habibu? Babu faifai, babu kaset, fedar ma ba za ta ƙara tashi ba. Muryar da ya wuni yana nema a Sabon Gari, mai ladabi da ba ta ihu, a kunnena kaɗai ta saura, ni ma kuma na kusa. Abin da ya rage shi ne sunansa, kuma ranar Juma'ar da ta biyo baya Malam Sanusi ya ambace shi a zaure a gaban jama'a, ya ɗaga robar nan kowa ya gani. Allah ya jiƙan bawana, ya jiƙan mahaifinsa.

A hanyarmu ta komawa Gwaram a ranar Juma'ar nan, Bilkisu na riƙe da guntun silifar a hannu har muka kusa gari. Na ce mata to yanzu kowa zai sani. Ta juya robar, ta sa yatsanta a inda ya lotsa.

“Baffa,” ta ce, “shi Malam fa, wa zai gaya masa?”