Igiyar Tsakar Gida

Da yanar ido ta fara rufe mini gani, kowa a unguwarmu ya zama likita. Mu da aka taso daga ƙauyukan da ruwan Tiga ya cinye, tumatir muke nomawa da rani, ba abin da muka iya kamar jira. Aka ce mini ba a taɓa yanar ido sai ta nuna. Na karɓa hannu bibbiyu, don da ma tsoron wuƙa nake yi, ko da yake da a lokacin wani ya faɗa mini haka, da mun yi baram-baram.

Mai ɗakina ba ta yarda ba. "Malam, idon naka tumatir ne? Ka je a duba ka mana."

"Ni ke da idona," na ce. Na fi shekara uku ina ba ta wannan amsa.

Da ta gaji da magana, sai ta samo tsohuwar igiyar taru a wurin masunta, ta ɗaura daga ƙofar ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa bayan gida, daga nan zuwa zaure. 'Ya'yanmu duk sun watse, ƙaramar tana aure a Burumburum, mu biyu ne kawai a gidan. Ina jin tarinta, in tambaya, ta ce hayaƙi ne. Tuwo bai taɓa makara ba, ni kuwa ban ƙara tambaya ba.

Ana tsakiyar girbin dawa ta rasu. Na zauna karɓar gaisuwa, ina gane mutane da muryoyinsu. Bayan arba'in ƙanena ya ɗora ni a acaɓa zuwa Kiru, muka hau mota sai asibitin ido a Kano, ko shawarata bai nema ba.

"Baba, me ya zaunar da kai har haka?" in ji likitar.

"Jira nake ta nuna."

Ta ce, "Ai tun shekarar farko, da ka zo da an yi."

Aikin bai kai zaman aski da hira ba. Suka cire abin da ya dushe a cikin idon, suka sa wani na roba. Washegari aka kware auduga, na ga zanen hular ƙanena tar. Haushi ya kama ni, ba murna ba, kuma ba wanda zan sauke wa sai kaina.

Da na dawo gida na tsaya a tsakar gida ina bin igiyar da ido. Ga hanyata, ta yi baƙi da hannuna. Sai na ga wata igiyar daban, daga ɗaki zuwa murhu, inda ban taɓa zuwa ba. Ita ma ta yi baƙi. Na tambayi matar maƙwabcina ta katanga.

"Ayya, Malam, tata ce. Tun damina ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Ta rame, kowa ya gani. Ita ta hana mu faɗa maka."

Kowa ya gani, ban da ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita.

Na kwance tawa igiyar na mayar wa masunta. Tata tana nan. Yanzu ni nake dafa shayina, kuma duk safiya nakan kama ta zuwa murhu. Sai na ɗan sunkuya hannuna ke kaiwa, don daidai tsayinta ta ɗaura.